Motoci Da Kekunan Lantarki: Idan Inji Ya Ƙone, Wa Zai Biya?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin duk wani mai abin hawa a ƙasar nan ya rikice. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Don haka ba abin mamaki ba ne da hankalin jama'a ya karkata ga abin hawan da ba ya shan mai. A titunan Kano yanzu ana ganin babura da kekunan A Daidaita Sahu masu aiki da batir, jefi-jefi har da ƙananan motocin lantarki, suna wucewa shiru abinsu. Masu talla kuwa sai bushara suke yi mana cewa an rabu da layin mai, an rabu da juye, an rabu da hayaƙi. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai tambaya guda da ba a cika jin amsarta a bakinsu ba, ita ce kuma maƙasudin wannan rubutu: ranar da injin abin hawan nan ya tsaya, wa zai gyara shi, a ina, cikin kwana nawa, kuma daga aljihun wa?

Kada mai karatu ya ɗauka ina adawa da wannan sabon al'amari ne. Ko kusa. Hasali ma Arewa tana da abin tinƙaho a cikinsa. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, kuma a lokacin da yake shugabantar hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa motoci ne aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, matashin nan Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana mayar da su na lantarki, sannan a watan Disamba na 2023 gwamnatin Jihar Borno ta ƙaddamar da motocin haya masu aiki da lantarki da iskar gas. A nan Kano, ƙungiyar Mata Zalla ta fito da kekunan lantarki masu ruwan hoda, mata na tuƙawa suna ɗaukar 'yan uwansu mata. A watan Oktoba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta yafe harajin VAT a kan motocin lantarki. A Ƙaramar Hukumar Kumbotso ma, cikin rukunin masana'antu na Challawa, akwai tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 10 da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairu na 2023. Allah Ya hore mana rana, babu dalilin da zai sa mu ƙi cin moriyarta. Abin da nake jin tsoro shi ne kada garin gudun tsadar mai mu faɗa cinikin biri a sama.

Domin a fahimci girman lamarin, a dubi hanyar Zariya, wadda ta ratsa ƙasar Kumbotso ta nufi Kura da Garun Malam, da kuma ƙauyukan Bunkure da ke maƙwabtaka da su. Wannan shi ne yankin noman rani na Kadawa, wanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970. Daga nan shinkafar Kura ke fitowa, daga nan ake lodin tumatir a Kwanar Gafan, daga nan albasa da tattasai da kokwamba ke isa kasuwar 'Yankaba. Duk buhun da ya bar gona sai an ɗauke shi a babur ko a keke mai ƙafa uku kafin ya ga babbar mota, kuma kuɗin man wannan ɗan zagayen yana cikin abin da ke cinye ribar manomi. Babu wanda ya fi mutanen wannan yanki buƙatar abin hawa maras shan mai. Da yawansu ma sun riga sun ɗanɗana, domin tun bayan tashin farashin mai manoma da dama da ke ban ruwa da inji sun koma famfon sola, wanda injinsa ɗan uwan na keken lantarki ne. Sai dai kuma babu wanda zai fi su shan wahala idan inji ya ƙone a tsakiyar kaka aka rasa mai gyara.

Tun daga suna ma matsalar ta fara. Kalmar "mota" da muka ara daga Ingilishi, a can asalinta sunan injin ne da ke juya ƙafafu, mu kuwa muka raɗa wa abin hawan gaba ɗayansa. Da sabon abu ya zo sai muka wayi gari ba mu da sunan zuciyarsa. Wani ya ce inji, wani ya ce koyil, wani ya ce mota, har ta kai mai saye da mai sayarwa suna iya ƙulla ciniki alhali kowa da abin da yake nufi. Saboda haka ya kyautu a yi wa mai karatu bayanin abin da ke ciki a taƙaice. Abin hawan lantarki yana tafiya ne da abubuwa huɗu: batir mai ajiye wuta; inbata ko kwantirola, wadda ke sarrafa wutar tana aika wa inji gwargwadon yadda direba ya taka; injin kansa, wanda wayoyin jan ƙarfe ne da aka nannaɗe suna juya wani curi mai maganaɗisu; sai kuma 'yar ƙaramar giya da ke miƙa ƙarfin ga ƙafafu. Babu fulogi, babu kafireta, babu fistin da ringi, babu salansa. Da wannan ne masu talla ke kafa hujja cewa babu abin da zai lalace.

Gaskiya ne abubuwan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, amma kaɗan ɗin nan idan suka tashi lalacewa ba sa yi da wasa. Boris yana cinyewa, ya fara da ƙara, ya ƙare da maƙalewa. Robar da ke tare ruwan sanyaya inji tana iya saki, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Fentin da ya lulluɓe wayoyin jan ƙarfe yana gasuwa da zafi har wayoyin su haɗu su ƙone, kuma injiniyoyi suna da wata sananniyar ƙa'ida cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade yana rage kusan rabin rayuwar wannan rufin. Maganaɗisun ma idan zafi ya yi masa yawa ƙarfinsa yana raguwa, ba ya kuma dawowa. Kwantirola kuwa ba ta jure lodin da ya wuce ƙima. To, manyan abokan gabar wannan inji su ne zafi, ƙura, ruwa da lodi. Yanzu mai karatu ya tuna da zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da ambaliyar titunanmu a watan Agusta, da taɓon hanyoyin gona a gefen magudanan Kadawa, da kuma yadda muke ɗora wa keke buhunan shinkafa har sai ya durƙusa. Duk abin da injin nan ba ya so, shi ne rayuwarmu ta yau da kullum.

Ko a ƙasashen da ake ƙera su ma ba a tsira daga matsala ba. Motocin farko na Model S da kamfanin Tesla ya fitar sun sha fama da ƙarar inji har aka riƙa canza wa masu su injin sukutum, kuma a watan Agusta na 2014 kamfanin ya tsawaita garantin injin masu babban batir zuwa shekara 8 ba tare da iyakance nisan tafiya ba, ya kuma haɗa har da waɗanda aka riga aka sayar. A watan Fabrairu na 2021 kamfanin Hyundai ya sanar da cewa zai canza batirin motoci kimanin 82,000, akasarinsu ƙirar Kona, saboda haɗarin gobara, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala miliyan 900. A wannan shekarar dai General Motors ya kira dukkan motocinsa ƙirar Bolt, sama da 140,000, kamfanin LG da ya yi batirin kuma ya amince ya ɗauki nauyin har dala biliyan 1.9. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan misalai ba mai mota ne ya biya ba. Kamfani yana da sunansa da adireshinsa, ya aika masa da takarda, ya kai motarsa garejin wakili da ke garinsu, aka gyara kyauta. Ba kuma don tsoron Allah kamfanonin suka yi haka ba. Akwai doka, akwai hukuma mai haƙora, akwai kotun da ke yanke hukunci a kan lokaci. A Amurka da Turai an saba ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batirin motar lantarki, kamfanoni da dama kuma suna haɗawa har da inji.

Akwai kuma darasi na biyu daga can. A watan Yuni na 2024 kamfanin Fisker na Amurka ya karye, masu motocinsa suka wayi gari da takardun garanti a hannu babu wanda za su kai wa, har sai da suka kafa ƙungiya suna neman kayan gyara da kansu. Idan haka ta faru a Amurka, ina ga wanda ya sayi keke a hannun ɗan kasuwar da ya shigo da kwantena ɗaya, ya sayar, ya koma harkar tayil ko wayar hannu? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ta hanyoyi uku waɗannan kaya ke iso mu. Akwai waɗanda ke zuwa ta hannun wakilin kamfani na haƙiƙa, ko aka harhaɗa su a cikin ƙasa, kamar Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka nuna a ƙarshen 2020. Waɗannan suna da garanti na gaske, sai dai galibin manyan garejin wakilai suna Legas da Abuja, tsakanin Kano da Legas kuwa tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, ga shi motar da injinta ya tsaya sai dai a ɗora ta a kan wata. Akwai na hannu, 'yan Kwatano, daga Amurka ko Turai, waɗanda garantinsu kan tsaya a iyakar ƙasar da aka fara sayar da su, kuma idan kamfani ya gano aibi ya aika da takardar kira, ba Sharaɗa ko Panshekara za ta zo ba. Sai na uku, sababbi fil daga Sin, waɗanda aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta can, 'yan kasuwa suka fito da su ta bayan fage: bakin cajinsu daban, rubutun allon gaban direba da Sinanci, manhajar binciken lafiyarsu kuma tana hannun kamfanin da bai ma san motar ta bar ƙasarsa ba. Ita kanta gwamnatin Sin ta ga illar wannan ga sunan kayanta, shi ya sa daga ranar 1 ga Janairu, 2026 ta wajabta lasisi kafin a fitar da motocin lantarki zuwa waje. Mai kaya ya fara tsaftace ƙofarsa, mu masu karɓa tamu a buɗe take.

A ce ma an dace an sami takardar garanti, to a zauna a karanta sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasanta. Kusan duk irin waɗannan takardu sukan ce garanti ya faɗi idan an yi lodi fiye da ƙima, ko ruwa ya shiga inji, ko an yi caji ba ta hanyar da aka tsara ba, ko wani wanda ba wakilin kamfani ba ya kwance, ko an tsallake lokacin kai abin hawa a duba shi a garejin wakili. Na ƙananan motoci sukan ƙara da rage wa'adi ko soke shi idan an yi haya da motar. A ɗauki maganar caji kawai. Babbar tashar rarraba wutar da ke ciyar da Kano a Kumbotso take, amma mazauna Kumbotso sun fi kowa sanin yadda wutar ke zuwa, yau da ƙarfi gobe kamar kyandir. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mai keken da ke da iyali a irin wannan hali dole ya nemi janareta ya yi caji, ranar da kwantirola ta ƙone kuma a ce masa shi ya jawo. Haka maganar kwancewa: keke ya tsaya a Bunkure da kwandunan tumatir a kansa, wakili yana Legas ko ma babu shi, ga mai rewaya a bakin hanya. Duk mai hankali ya san abin da zai faru, kuma da zarar an sa sifana garanti ya tafi. Takardar da aka rubuta domin titunan wata ƙasa da wutar wata ƙasa, aka kawo ta nan ba a canza ko wasali ba, kariya ce ga mai sayarwa kawai.

Wa ke kwana a ciki? Yawancin masu tuƙa A Daidaita Sahu ba su ne masu kekunan ba. Wasu balas suke kaiwa kullum, wasu kuma sun karɓa ne bashi suna biya kaɗan-kaɗan har su mallaka. Keken fetur idan ya lalace da safe, kafin azahar an samo kayan gyara a Ƙofar Ruwa, kafin la'asar ya koma titi. Na lantarki kuwa idan aka ce sai an aiko da inji ko kwantirola daga waje, makonni ne ko watanni, kuma a duk tsawon lokacin nan bashi ba ya tsayawa, cefane ba ya jira. Manomi ma haka: tumatir ba ya haƙurin kwana uku a rana, shukar da famfonta ya tsaya mako guda a watan Maris ta tafi ke nan. Garantin da zai gyara maka inji bayan wata uku, a wurin irin waɗannan bayin Allah, da shi da babu duk ɗaya.

A nan ne nake ganin harshe yana da muhimmiyar rawar da yake takawa, ba a kuma kula da ita. A Ingilishi kalmomi biyu ne, waranti da garanti. Tushensu guda, sun shiga harshen ne ta kare-karen Faransanci guda biyu, amma a harkar ciniki ta farkon ta keɓanta da rubutaccen alkawarin gyara mai wa'adi da sharuɗɗa. Bahaushe ya ari guda ɗaya ya faɗaɗa ma'anarta har ta koma daidai da "tabbas", shi ya sa za ka ji an ce zuwan wane babu garanti, ko ruwan bana babu garanti. Don haka idan mai shago ya dafa ƙirji ya ce wa mai saye, "Alhaji, wannan akwai garanti," abin da mai saye ya ji shi ne kayan nan ba zai ba shi kunya ba, in kuwa ya ba shi, mai shago ya ɗauka. Abin da takarda ta ce kuma daban, da Ingilishin lauyoyi, wani lokaci ma fassarar inji ce daga Sinanci wadda ko mai digiri sai ya yi da gaske. Alhali kuwa muna da kalmarmu da ta fi dacewa, wato lamuni. A kasuwar shanu ta Wudil ko wurin fatoma a zango, idan dillali ya ce ya lamunce, an san mutum ne ya tsaya, an san gidansa, kuma la'adar da ya karɓa ita ce ta ɗaure shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin takaici shi ne ba rashin doka ke damunmu ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta tanadi a sashe na 114 cewa mai saye yana da haƙƙin a ba shi bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Sashe na 132 kuma ya ce duk kayan da aka sayar yana ɗauke da lamunin inganci ko ba a rubuta ba, kuma cikin wata uku mai saye yana iya mayar da kayan da ya gaza, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ke nan rubutun nan da muke gani a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba shi da gindin zama idan kayan mai aibi ne. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Tun kafin wannan doka kuwa, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba yana da zaɓin mayarwa. Malamai sun yi bayani har a kan dabbar da aka ƙi tatsa domin hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye. Wanda ya sayar wa ɗan haya keke alhali ya san injinsa ba zai jure lodi da zafin Kano ba, ya kuma yi shiru, ya duba ya gani ko akwai bambanci tsakaninsa da mai waccan tunkiya. Dokar ƙasa da Shari'a sun haɗu a kan magana guda. Aiwatarwa ce babu.

Na san 'yan kasuwa suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce ajiye kayan gyara da ɗaukar ma'aikata da buɗe gareji kuɗi ne, a kan mai saye kuma za su ƙare, ga shi talaka araha yake nema. Za su ƙara da cewa mutanenmu ba sa jin magana: a ce keke buhu biyar zai ɗauka a ɗora masa goma, a ce kada a shiga ruwa a kutsa, sannan a dawo ana neman sabon inji kyauta. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Amma game da ta farko, ai tsadar tana nan ko an so ko an ƙi. Bambancin kawai shi ne ko a raba ta kaɗan-kaɗan a kan dukkan masu saye, ko a bari ta faɗa gaba ɗaya a kan mutum guda da tsautsayi ya ritsa da shi, wanda shi ne mafi rauni a cikin cinikin. Araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mayar da kuɗi gida ne. Game da ta biyu kuma, wanda ya san dole ne ya gyara abin da ya sayar, shi ne zai fi kowa ƙoƙarin zaɓo injin da ya dace da ƙasar nan da kuma wayar da kan mai saye. Yau da babu abin da ke kansa, me zai dame shi?

Tarihi ma ya isa ya koya mana. Abin da ya sa Peugeot 504 ta mallaki titunan Arewa bayan buɗe kamfanin PAN a Kaduna a 1975 ba kyan ƙira ba ne kawai. Kowane gari akwai bakaniken da ya san ta ciki da waje, kowace kasuwa akwai kayanta. A ɗaya gefen kuma, duk wanda ya taɓa leƙa harabar ma'aikatun gona da sakatariyoyin ƙananan hukumomi ya ga gawarwakin taraktocin da aka sayo da maƙudan kuɗi, aka yi bikin ƙaddamarwa, suka kwanta saboda wani ɗan ƙarfe da ba a samu ba. Idan ba a yi hattara ba, nan da 'yan shekaru irin wannan maƙabarta za mu gani ta kekunan lantarki, jama'a kuma su yanke hukuncin cewa abin ne gaba ɗaya ba shi da kyau, mu yi asarar wata dama da Allah Ya kawo mana.

Don haka ina ba da shawarwari kamar haka. Na farko, hukumomin NADDC da SON da Kwastan su sa sharaɗi cewa ba za a shigo da abin hawan lantarki domin sayarwa ba sai da shaidar kamfanin da ya ƙera cewa ya amince da garanti a Nijeriya. Wanda aka yafe wa haraji, ba a zalunce shi ba idan aka nemi wannan a wurinsa. Na biyu, Gwamnatin Jihar Kano ta hana yi wa kowane irin keke ko babur na lantarki rajistar haya sai mai kawo shi ya nuna garejinsa da rumbun kayan gyaransa a cikin jihar, kuma duk wata gwamnati ko banki ko ƙungiya da za ta sayi irin waɗannan kaya da yawa ta riƙe wani kaso na kuɗin har wa'adin garanti ya cika. Na uku, a wajabta rubuta takardar lamunin gyara da Hausa, da boko da ajami, a shafi guda, ta faɗi ɓaro-ɓaro shekara nawa aka lamunce inji, nawa batir, nawa kwantirola, buhu nawa aka yarda a ɗauka, da wace irin wuta za a yi caji, sannan a karanta wa mai saye a gaban shaidu. Sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su zauna da injiniyoyi da kanikawa su daidaita sunayen waɗannan sassa, tun kafin kowa ya ƙirƙiri nasa.

Na huɗu, a sa wa gyara wa'adi. Idan ya wuce mako biyu, a ba mai keke na aro, ko kuma a dakatar da biyan bashinsa har ranar da ya koma aiki. Na biyar, maimakon a mayar da kanikawanmu abokan gaba, a jawo su ciki. Kano cike take da masu naɗa koyil ɗin fanka da famfo da janareta, waɗanda aikin injin lantarki ba baƙo ba ne a hannunsu. Kamfanoni su haɗa kai da ƙungiyar kanikawa ta NATA da kwalejojin fasaha irin na Bagauda da Wudil da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, a horar da su, a ba su shaida da na'urar bincike, yadda gyaran da suka yi a Kura ko Bunkure ba zai soke garanti ba. Wannan horo ma maganar ceton rai ce, domin wutar da ke cikin batirin ƙaramar motar lantarki takan kai bolt 400, wasu ma 800, wadda ke iya hallaka mutum nan take. Wayoyin nan masu ruwan lemo ba abin taɓawa da ka ba ne.

Daga ƙarshe, kai mai niyyar saye, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka ƙirga kuɗinka, ka ce a kai ka garejin ka gani da idonka, a nuna maka inji da kwantirola na canji a kan kanta, a gaya maka farashinsu, a rubuta maka duk alkawarin da aka yi da baki, ka kuma nemi wanda ya riga ka saye da shekara guda ka ji ta bakinsa. Idan ka samu, kai ma ka riƙe naka ɓangaren amanar, kada ka ɗora wa keke abin da ya fi ƙarfinsa. Su kuma 'yan kasuwarmu da hukumominmu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa kan haƙƙin talakawa, Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya kuma kiyashe mu da asara, amin.